Waiwaye: Yadda Zafin Makka Ya Zama Abin Fargaba Ga Alhazai

Ranar 17 ga Yunin 2024, alhazai na Mina suna jifan Shaiɗan, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya nuna digiri 51.8. Da aka kammala aikin, ministan lafiya na Saudiyya Fahd al-Jalajel ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Labarin ya girgiza duniyar Musulmi, amma dattawan da suka sauke farali a shekarun 1980 sun san ba yau aka fara ba.

Tushen lamarin yana cikin kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Zulhijja kan riƙa matsowa baya, ta kewaye bazara da sanyi cikin kimanin shekara 33. A watan Agustan 1985 Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, kuma rahotannin likitoci sun nuna mutum kusan 2,000 ne zafi ya kayar, sama da 1,000 suka riga mu gidan gaskiya. Daga nan hukumomin Saudiyya suka tashi tsaye. Aka dasa dubban itatuwan darbejiya a filin Arfa, irin waɗanda muke zama ƙarƙashinsu a Kano da Maraɗi, aka kafa dogayen ƙarafa masu fesa ruwa kamar yayyafi, sannan bayan gobarar Mina ta 1997 aka maye gurbin tantunan yadi da waɗanda wuta ba ta ci, masu na'urar sanyaya iska.

Sai kuma Hajji ya koma lokacin sanyi. Wanda ya je a 2005 ko 2006, da rigar sanyi da bargo ya riƙa tunawa a daren Muzdalifa. Shekaru aka yi ana maganar cunkoso da turmutsitsi da tsadar kujera, batun zafi ya kwanta. Da wata ya sake zagayowa cikin Agusta da Yuli da Yuni, sai aka tarar bazarar ba irin wadda aka bari ba ce. Wani bincike da masana a asibitin Sarki Faisal na Riyad suka fitar a 2024 ya nuna zafin Makka yana ƙaruwa da kusan digiri 0.4 duk shekara goma. A takarda kaɗan ne, amma ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ya yi wuni a tsaye, shi ne bambanci tsakanin gajiya da faɗuwa.

Ana yawan jin mutanenmu na cewa ai mu 'yan Sakkwato ko Nguru ne, wane zafi za a nuna mana. Wannan magana tana buƙatar gyara. Zafinmu na Afrilu busasshe ne, gumi na fita ya bushe jiki ya huce, kuma da rana ta take kowa kan nemi inuwa. A Makka akwai ranakun da iska ke ɗauko laima daga Bahar Maliya, gumin ya ƙi bushewa, dare ma bai kawo sauƙi ba saboda duwatsu da kwalta sun sha rana suna mayar da ita. Ga namiji mai harami kansa a buɗe, sai dai lema. Ga tafiyar ƙafa ta kilomitoci daga tanti zuwa Jamrat a dawo, cikin mutum miliyan 1.8.

Amma alƙaluman 2024 sun nuna zafin ba kowa ya kama daidai ba. Mai katin izinin Hajji a wuya yana da tanti mai sanyi da motar safa da ruwa da likita. Wanda ya shigo da bizar ziyara ya ɓuya har lokacin Hajji, saboda kuɗin kujera ya fi ƙarfinsa, shi ne ya taka daga Makka zuwa Arfa a ƙafa, yana gudun jami'an tsaro, yana tsoron zuwa asibiti kada a kama shi. Masar ta fi kowa asara, da sama da mutum 600, har gwamnatinta ta soke lasisin kamfanonin shirya tafiya 16. A Tunisiya ministan harkokin addini ne ya rasa kujerarsa. A ganina, matuƙar kuɗin Hajji na ci gaba da hauhawa, 'yan bayan fage ba za su ƙare ba, kuma su ne rana za ta fara samu.

A 2025 Saudiyya ta tsaurara. Aka toshe hanyoyin shiga Makka ga marasa izini, aka ƙara inuwa da wuraren sanyaya jiki, aka buƙaci alhazai su zauna cikin tantuna daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a ranar Arfa. Ba a ga irin mace-macen shekarar da ta gabata ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta kuma ce na 2025 ne Hajjin ƙarshe cikin tsakiyar bazara har zuwa wajen 2050.

Kalanda ce ta kawo wannan sararin, ita ce kuma za ta ɗauke shi. Ko ƙarshen watan Mayu ma zafin Makka kan haura digiri 40, ga masu Umara da ke tururuwa kusan duk shekara. Tun a 2019 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, ciki har da Farfesa Elfatih Eltahir ɗan asalin Sudan, suka yi hasashen cewa idan hayaƙin da ke ɗumama duniya bai ragu ba, zafi haɗe da laima zai kai matakin haɗari mai tsanani a lokacin Hajji tsakanin 2047 da 2052, sannan tsakanin 2079 da 2086. Yaran da ke firamare yanzu, su ne maniyyatan zagayen farko.