Daga kufan fadar Findlater zuwa bakin tekun Sunnyside: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne wajen nan?

Arewa maso gabashin Sikotland ne, a gaɓar mashigin tekun Moray Firth, tsakanin garin Cullen da ƙauyen Sandend. Ana ajiye mota kusa da wata gona, Barnyards of Findlater, daga nan sai ƙafa, ka bi gefen gonaki ka wuce wani tsohon ɗakin tantabaru mai zubin rumbu, kafin ka ankara ga teku a ƙasanka.

Fadar tana nan tsaye?

Ina! Kufai ne kawai, manne a jikin wani dutse da ya kutsa cikin ruwa. Amma ta ga duniya fa, tun 1246 sunanta yake a rubuce, kuma a 1455 aka ba Walter Ogilvy izinin ƙara mata ƙarfi. A 1562 sarauniya Mary ta Sikotland ta aiko a miƙa mata fadar, mutanen John Gordon da ke riƙe da ita suka ce ba su san zancen ba, to a watan Oktoban shekarar aka ci dangin Gordon da yaƙi a Corrichie, shi John ɗin aka sare masa kai a Aberdeen, fadar ta koma hannun dangin Ogilvy, su ma ba su wani daɗe ba suka tattara suka koma sabon gidansu a Cullen wajen 1600.

Za a iya sauka a shiga ciki?

Akwai 'yar siririyar hanya da wasu ke bi, amma ni dai ban ba ka shawara ba. Gangaren da tsini, ciyawar da santsi in an yi ruwa, ginin ma kansa rugujewa yake yi. Ka tsaya daga sama inda aka kafa allon bayani, hoton ma daga can ya fi fita.

To Sunnyside ɗin fa, da nisa?

Ba nisa, ka nufi yamma kawai, teku na hannun damanka, 'yan mintoci ka fara gangarawa. Titi bai kai wajen ba shi ya sa ba cunkoso, yashi ne da duwatsu da ƙananan kududdufai in ruwa ya janye, wani lokacin in da rabo har dolfin ake hangowa. Ba shago, ba banɗaki, ba mai gadin masu iyo, don haka ka zo da ruwanka da guzurinka, sharar ka koma da abarka. Ruwan kuwa ko a Yuli sanyinsa sai mai taurin rai.

Da yara fa?

Eh amma a riƙe hannunsu a saman dutsen, iska na da ƙarfi a can. Keken jarirai a bar shi a mota, silifas ma haka, takalmi mai kama ƙasa ake so don hawowa daga yashin ya fi saukar cin rai.