Don Allah A Daina Cire Iri Daga Girbin Shinkafa Mai Aure

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu noman shinkafa a fadamun Ikorodu da Epe da Badagry, da ku 'yan kasuwar Mile 12 da Agege da kuke sayen iri a nan Legas kuna aika wa gida Kebbi da Kano da Jigawa. Ni malamin gona ne, kuma ƙorafi guda ne yake ta zuwa mini damina bayan damina, har na haddace shi kafin mai shi ya buɗe baki. "Malam, bara shinkafar nan ta yi kyau, bana kuma rabin zangarniya fanko." Sai in tambaya, ina ka samo irin bana? Amsa ɗaya ce kullum: "Ai daga na bara na cire."

To, a nan ɓarnar take. Ba takin ne jabu ba, ba tsuntsu ba ne, ba kuma bakin mutane ba. Iri mai aure ka shuka bara, wato wanda kamfani ya samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, wanda aka rubuta F1 a jikin buhunsa, ka ga ya yi albarka, sai ka ɗebi buhu biyu ka ɓoye. Wannan irin sau ɗaya ake shuka shi. Sau ɗaya tak. Na faɗa a gona, na faɗa a taron ƙungiya, na faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, amma har yanzu ana yi.

Ba zan cika ku da bayanin kimiyya ba, amma ga ɗan abin da ya kamata ku sani. Shinkafa ita ke yi wa kanta barbara, furenta ɗaya yana ɗauke da namiji da mace. Don a haɗa iri biyu aure, sai an sami uwar da namijin furenta ba ya aiki. A 1970 aka tsinci irin wannan shinkafar daji a tsibirin Hainan na ƙasar Sin, cikin aikin da masanin shinkafa Yuan Longping yake jagoranta, kuma zuwa 1976 manoman Sin sun fara noma shinkafa mai aure da yawa. Wannan rashin haihuwar yana zaune ne a wani ɗan sashe na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, kuma a shinkafa daga uwa kaɗai ake gadonsa, uba ba ya bayarwa. Abu ne da aka sha a nono. Kamfani yana zaɓo uba mai ƙarfin danne wannan lahani, shi ya sa 'ya'yan farko, waɗanda ka saya da kuɗinka, suke cika ƙwaya har su fi iri na gama-gari da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari idan an kula da su. Amma lahanin bai tafi ko'ina ba, an dai danne shi ne. Da ka shuka jikokin, kowannensu yana ɗauke da gadon uwar nan, alhali ba kowanne ne ya sami kariyar uban ba. Waɗanda ba su samu ba za su yi kore shar, su fitar da kai, ka shafa zangarniya ka ji ƙaiƙayi. Mafi yawan shinkafa mai aure ta wannan hanya ake yin ta.

Kuma fanko ba shi kaɗai ba ne. Gona ɗaya sai ka ga doguwa da gajeruwa, wata ta nuna har tana zuba, wata tana madara. Yaushe za ka yanka? Ka jira ta baya, ta gaba ta zube ko tsuntsu ya cinye. Ka yanka da wuri, shanshera ta cika da ɗanya, a wurin casa ta kakkarye, mai saye ya karya maka farashi. Tun da aka buɗe injin casar shinkafa na Imota a Janairun 2023, wanda aka gina don ya cashe tan 32 a awa, buƙatar shanshera mai kyau a jihar nan ta fi abin da muke nomawa nesa ba kusa ba. Kasuwa tana ƙofar gidanmu, mu kuma muna ɓata kayanmu da hannunmu saboda kuɗin iri.

Na san iri mai aure yana da tsada, kuma na san yadda kuɗin haya da na makarantar yara suke cin mutum a garin nan. Ba raina talaucin kowa nake yi ba, wallahi. Amma Alhaji, zauna ka yi lissafi. Idan dashe za ka yi, kilo 15 zuwa 20 ya ishi hekta guda, domin ƙwaya ɗaya ake dasawa a rami. Ka biya sharar gona, ka biya 'yan dashe, ka sayi taki da maganin ciyawa, ka sa yaro korar tsuntsu wata guda, duk a kan irin da tun ranar zuba shi ya riga ya gaza. Kuɗin da ka ce ka tsira da shi na iri ne kawai, asarar kuwa ta damina ce sukutum.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kyautar iri. Mutum da zuciya ɗaya ya ga shinkafarsa ta yi kyau, ya auna tiya biyar ya sa a motar da za ta Arewa, ya ce a kai wa Baba ko ƙanensa su shuka. Zumunci ka yi niyya, Allah ya ba da lada, amma wahala ka aika musu. Su can ba su ga buhun ba, ba su san mai aure ba ce, sai dai su ga gona ta watse su rasa dalili. Idan kana son ka taimaki gida, sayi sabon buhu a rufe ka aika, ko ka aika kuɗin.

Kada kuma a ce malam ya hana ajiye iri gaba ɗaya. FARO 44 da FARO 52 da Ofada ana ajiye su. NERICA ma haka, duk da cewa an samo ta ne daga haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya a aikin Monty Jones ɗan Saliyo, domin an yi ta tace ta zuriya bayan zuriya har halinta ya tsaya wuri ɗaya kafin a miƙa wa manoma. Saboda haka ba kowane ingantaccen iri ne mai aure ba, sai an duba.

Ga abin yi, a gurguje:

- Karanta buhu kafin ka biya. In ka ga F1, noma ka ci ka sayar, kada ka cire iri.
- Sayi buhu a rufe mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, kuma ka adana takardar.
- Shansherar kasuwa abinci ce, kada ka mai da ita iri komai kyawun idonta.
- Irin da ake ajiyewa ma, tuge baƙin tsiro kafin girbi, busar da shi sosai, ka sabunta bayan damina biyu ko uku.
- Kada ka karɓi irin maƙwabci sai ya faɗa maka sunansa da inda ya saya.

Wanda ya riga ya zuba tsohon iri mai aure a bedi bana, don girman Allah ya dakata da dashe, ya nemi malamin gonar yankinsa yau ɗin nan. Sabon bedi sati uku kawai yake ɗauka.