Durƙushewar Masana'antu da Bashin Waje: Tambayoyin da Ake Yi a Karkarar Kano da Jigawa

Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma bar kasuwa ta yi wa naira farashi, maganar bashin da ake bin Najeriya ta shigo majalisun ƙauyuka, daga Kura da Bunkure har Ringim da Malam Madori. Tambayoyin da ke biye suna cikin waɗanda manoma da ƙananan 'yan kasuwa suka fi yi a kan lamarin.

Mene ne haɗin rufe masaƙa a Kano ko Kaduna da bashin da gwamnati take ciwowa daga waje?

Haɗin yana cikin irin kuɗin da ake biyan bashin da shi. Gwamnati tana karɓar haraji da naira, tana biyan albashi da naira, amma bashin waje da dalar Amurka ake ƙulla mafi yawansa, kuma da ita za a biya uwar kuɗin da kuɗin ruwan. Babban Bankin Najeriya yana iya buga naira, amma ba shi da ikon buga dala ko ɗaya, don haka sai ƙasa ta sayar wa duniya wani abu kafin ta same ta. Masana'anta tana taimakawa ta fuska biyu: abin da ta ƙera aka yi amfani da shi a gida ya hana fitar dalar da za a sayo irinsa daga waje, abin da ta fitar kuma ya shigo da sabuwa. Ranar da masaƙa ta rufe, mutane ba sa daina sa tufa. Atamfa da shadda da yadin makaranta suna ci gaba da cika Kantin Kwari, sai dai yanzu daga Sin da Indiya suke zuwa, kuma kowace dila da dala aka biya ta. Buƙatar dala ta ƙaru, hanyoyin samunta sun ragu, giɓin da ke tsakani kuwa shi ake cikewa da bashi.

Wanda ya san bashin kaka ya san wannan matsala. Mutumin da ya karɓi kuɗi da damina bisa sharaɗin zai biya da buhunan gero, idan gonarsa ta yi kyau ba shi da damuwa, amma idan ya riga ya bar noma, sai ya shiga kasuwa ya sayi geron a kan duk farashin da ya tarar, ko da ya ninka wanda ake sayarwa ranar da ya ci bashin.

Malam, da gaske mun taɓa samun masana'antu masu yawa, ko kuwa zuzutawar dattawa ce?

Gaskiya ne. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957 a zamanin gwamnatin Sardauna, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, kuma zuwa shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 100, suna kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata idan aka cire gwamnati. A Kano, unguwannin Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da majemu, da matatun man gyaɗa, da kamfanonin alewa da na roba da na kwanukan sha. Abin da ake yawan mantawa shi ne jijiyar waɗannan masana'antu a ƙauye take. Audugar da ake gurzawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, da gyaɗar da jirgin ƙasa na layin Nguru yake kwasowa daga Malam Madori da Gagarawa da Ringim, da fatun da ake tarawa a kasuwanni irin Maigatari da Wudil, duk gumin mutanen karkara ne.

To me ya kashe su?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma mai ɗora laifin duka a kan kayan Sin ko a kan Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) ya ɗauko labarin daga tsakiya. Cutar ta fara ne a lokacin wadata. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, dala ta cika baitulmali, naira ta yi ƙarfin da a 1980 da kwabo kusan 55 ake sayen dala ɗaya. Mutane da yawa suna tuna wannan da alfahari, alhali ma'anarsa ita ce duk abin da aka shigo da shi ya fi na gida araha, daga shinkafa har siminti, wanda jiragen ruwa masu ɗauke da shi suka toshe tashar Legas a 1975. A daidai lokacin ne fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da ake fitarwa, matasa suka bar gona suka nufi birni.

Yawancin masana'antun da aka kafa a lokacin kuma ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Kamfanin Peugeot na Kaduna, da na Steyr a Bauchi, da na manyan motocin Fiat a Kano, haɗa sassan da aka ƙera a Turai suke yi. Masaƙu ma daga waje suke sayo injuna da kayan gyara da sinadaran rini. Wato masana'antun kansu masu cin dala ne, ba masu kawo ta ba. Da farashin mai ya fara sauka daga 1981, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, lasisin shigo da kaya ya zama abin nema da hanya, injuna suka fara tsayawa saboda rashin ƙaramin ƙarfen da babu mai ƙera shi a gida.

Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya zo da karya darajar naira, wadda ta kai kusan naira 4 a dala ɗaya cikin shekara guda, da rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga da ta gyaɗa. Hukumomin suna da laifinsu, domin sun daɗe suna danne farashin manomi, amma su ne suke raba iri mai kyau da tantance darajar auduga, kuma da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba. Daga nan sai rashin wutar lantarki ya tilasta wa kowace masana'anta sayen janareto da baƙin mai, fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Binin ya zama sana'ar manya, sannan a farkon 2005 yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya ta ƙare, kayan Sin suka samu ƙofa a buɗe. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop ma suka daina ƙira a 2007 da 2008.

Yaushe bashin ya fara, kuma ta yaya ya zama ƙangi?

Babban bashi na farko daga bankunan kasuwanci na duniya shi ne na dala biliyan 1 da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ciwo a 1978. A lokacin bankunan Turai da Amurka cike suke da kuɗin ƙasashen Larabawa masu mai, suna neman wanda zai ranta, kuma kuɗin ruwan da yawa daga cikin basussukan ba tsayayye ba ne, yana bin na kasuwa. Daga 1979 babban bankin Amurka a ƙarƙashin Paul Volcker ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kusa kashi 20 cikin 100 don yaƙar tsadar kaya a ƙasarsu. Ƙasashen da ke kan bashi suka wayi gari abin da ake binsu ya hau, abin da suke sayarwa ya faɗi. Meziko ta sanar a Agustan 1982 cewa ba za ta iya biya ba, bankuna suka ɗauke hannu daga kowa.

Najeriya ta shiga tara bashin kayan da 'yan kasuwa suka shigo da su ba a biya ba, gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a 1986 kuma gangar mai ta faɗo kusa da dala 10. Bashin waje da yake kusan dala biliyan 19 a 1985 ya kai kusan biliyan 36 a ƙarshen 2004, kuma babban ɓangare na ƙarin ba sabon rance ba ne, tara ce da kuɗin ruwa a kan kuɗin ruwan da aka kasa biya.

Ai an ce an yafe mana bashi a zamanin Obasanjo. Ina aka kwana?

An yafe. A 2005, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, ƙasashen ƙungiyar masu ba da rance ta Faris da ke bin Najeriya kusan dala biliyan 30 sun yafe biliyan 18, Najeriya kuma ta biya kimanin biliyan 12 daga rarar kuɗin mai, aka kammala a Afrilun 2006. Bashin waje ya sauko ƙasa da biliyan 4. Sai dai yafiyar ta share lissafi ne kawai, ba ta taɓa dalilin da ya haifar da shi ba, domin a shekarun ne ma ragowar masaƙu suke rufewa, ƙasar da ke haƙo mai kuma tana sayo tataccen fetur daga waje saboda matatun Kaduna da Warri da Fatakwal sun kwanta. A 2011 aka fara sayar da takardun lamuni a kasuwar duniya da dala miliyan 500, farashin mai ya sake rushewa a 2014 da 2020, zuwa 2023 bashin waje ya haura dala biliyan 40. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi ya tafi, na gida da na waje.

Ke nan cin bashin kansa ne laifi?

A'a. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƙasashe ma haka suke. Koriya ta Kudu ta ci bashin waje mai nauyi a shekarun 1970, amma ta zuba shi a kamfanin ƙarfe na POSCO da wuraren ƙera jiragen ruwa da motoci, gwamnati kuma ta ɗaura wa kamfanonin sharaɗin fitar da kaya waje, don haka bashin ya haifi dalar da aka biya shi da ita. Mu kuwa a 1979 aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, aka kashe biliyoyin daloli, har yau babbar tukunyar narka ƙarfen ba ta fara aiki ba. Ko aikin da aka gama ma yana iya zama nauyi. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016 da rancen bankin Sin, yana da amfani ƙwarai, amma tikitinsa da naira ake saya, bashinsa kuwa da dala ake biya. Wannan ita ce tambayar da ta kamata a yi wa layin Kano zuwa Maraɗi, mai ratsa Kazaure da reshe zuwa Dutse: wane kaya zai ɗauka da zai dawo da kuɗin waje? Masu tambaya a kan riba kuma su sani cewa sukuk, wato takardun lamuni marasa riba, da gwamnati ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi da naira yake, don haka ya tsira daga haɗarin canji, ko da yake shi ma sai an biya.

Me ke faruwa idan ƙasa ta kasa biya?

Ba a zuwa a ɗauke ta, amma masu ba da rance suna rufe ƙofa, kuɗinta ya faɗi, kayan da take shigowa da su su yi wuya. Zambiya, wadda ta dogara da jan ƙarfe kamar yadda muka dogara da mai, ta kasa biya a Nuwamban 2020. Gana ta bi sahu a Disamban 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, har gyaran bashin ya taɓa ajiyar 'yan fansho. Labarin Siri Lanka ya fi kusa da manomi: a 2021, dala tana ƙarewa, gwamnati ta hana shigo da takin zamani, noman shinkafa ya faɗi, ƙasar ta kasa biyan bashi a 2022, shugabanta ya tsere a Yulin shekarar.

Ranka ya daɗe, ni manomi ne, ban sa hannu a bashin kowa ba. Ta ina ya shafe ni?

Ta buhun taki da litar man injin ban-ruwa. Idan gwamnati da masu shigo da kaya suna rububin dala kaɗan, naira ce take faɗuwa, kamar yadda farashin dala ɗaya ya tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ya haura 1,500 a 2024. Sinadaran da ake haɗa takin kamfa da su, wasu daga Maroko suke zuwa wasu daga wasu ƙasashe, maganin feshi da injin ban-ruwa daga Asiya, yuriyar da ake yi a gida ma farashin duniya take bi tun da ana iya fitar da ita. Dole a faɗi cewa mai riɗi da zoɓo a Jigawa ya ga ƙarin naira a hannunsa, domin kayansa waje ake kai su ta Dawanau da Maigatari. Sai dai ɗanye suke fita, ribar matse man riɗin da sarrafa zoɓon a wata ƙasa take zama, kuma mai gero da dawa bai samu irin wannan cin gajiya ba.

Akwai kuma hanyar da ba a gani. Jihohi ma suna cin bashin waje, galibi daga Bankin Duniya da makamantansa, gwamnatin tarayya ce take tsaya musu, kuma ana cire kuɗin biyan ne daga kason jiha na wata-wata tun kafin ya baro Abuja. Jihar da ake bin dala miliyan 1 a shekara tana rasa naira miliyan 460 kafin a saki naira, a 2024 kuwa kusan biliyan ɗaya da rabi aka yanke mata a kan bashin nan dai, ba tare da ta ƙara rantar ko sisi ba, kuma daga ragowar ne za a biya malaman firamare, a sayi maganin asibitin karkara, a gyara hanyar da ake fito da amfanin gona.