Waiwaye: tun kafin 2009 malamin tarihi ya fara rasa ajinsa

Tun da aka sanar a watan Satumban 2025 cewa tarihin Nijeriya ya zama darasin dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, maganar ba ta kwanta ba a Bauchi da Gombe. Wasu murna suke yi. Wasu suna tambayar tarihin wa za a koyar: na Yakubun Bauchi da Buba Yero kaɗai, waɗanda suka kafa masarautun Bauchi da Gombe, ko har da na Tangale da Tula da Sayawa da Ningi? Shugabannin makarantu kuwa abin da ke damunsu ɗaya ne, ina malaman? A 2022 an ware malamai 3,700 domin horarwa, ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja, amma duk wanda ya san yawan makarantun ƙananan hukumomi 20 na Bauchi da 11 na Gombe ya san mutum ɗari ba za su kai ko'ina ba.

Shekarar da ta fi yawo a bakin masu muhawara ita ce 2009, wai a lokacin ne aka cire tarihi daga manhaja. A ganina, wanda ya fara lissafi daga 2009 ya makara da fiye da shekara ashirin. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a bi sawun malamin tarihi na jami'a, domin daga hannunsa malamin sakandare ke fitowa, daga bincikensa kuma littafin aji ke samun abin da zai faɗa.

Farkon labarin sananne ne. A shekarun 1950 Kenneth Dike da abokan aikinsa a Ibadan suka tsaya kan cewa Afirka tana da tarihin da za a rubuta daga bakin mutanenta da takardunta. Aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya ta biyo baya a 1955. A Arewa, Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya assasa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna a 1970, daga Zariya kuma aka sami irin su Yusufu Bala Usman da Mahdi Adamu da Sa'ad Abubakar. Yankinmu ya amfana da wannan zamani. Victor Low ya zauna da dattawa ya tattara tarihin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja, aikin ya fito a 1972. A. Y. Aliyu ya kammala digirin digirgir a Zariya a 1974 kan kafuwar mulkin masarautar Bauchi daga 1805 zuwa 1903. Kafin su duka, Abubakar Tafawa Balewa, malamin Midil ta Bauchi, da ya je Landan ƙaro ilimi a 1945, takardar koyar da tarihi ya dawo da ita.

A wancan lokaci malamin tarihi na jami'a ya san inda ɗalibinsa ya fito, ya kuma san inda zai tafi. Yaro yakan zo da karatun tarihi na shekara biyar a sakandare, ya riga ya ji labarin daulolin Mali da Songhai da Kanem-Borno da jihadin 1804. In ya gama digiri, aji na jiransa a sakandare ko a kwalejin horon malamai irin ta Toro ko Bauchi ko Gombe ko Kaltungo, ko kuma aikin gwamnati. Idan hutu ya zo malamin ya tura ɗalibansa garuruwansu su yi hira da tsofaffi, shi ma ya ɗauki rikoda ya shiga ƙauye. Abin da aka samo lokacin hutu shi ake koyarwa in an dawo.

Sai aka zo 1982, shekarar da ba kasafai ake jin ta a muhawarar yau ba. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a 1969 shi ya haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, daga cikinta tsarin 6-3-3-4 ya fito, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, aka fara aiwatar da shi daga 1982, jihohi suna shiga a hankali. A sabon tsarin, firamare da ƙaramar sakandare ba su da darasi mai suna tarihi. An narkar da shi tare da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa cikin darasi guda, Soshiyal Sitadis. Niyyar mai kyau ce. Ƙasa ta fito daga yaƙin basasa, ana son darasin da zai koya wa yara zama da juna, tunanin zamanin a ƙasashe da yawa na Afirka kuma shi ne kimiyya da sana'ar hannu ne za su kawo ci gaba. Ba wanda ya ce an kori tarihi, shi ya sa ba a yi wata hayaniya ba.

Amma a dubi abin da hakan ya yi wa yaro a Dukku ko Darazo. Shekara tara zai yi a makaranta bai taɓa zama a ajin tarihi ba. Ranar da zai fara haɗuwa da shi ita ce ranar zaɓen darussa a babbar sakandare, inda ake ajiye masa tarihi a gefe guda, darasin Gwamnati a ɗaya gefen. Yayyensa za su ce masa Gwamnati ta fi sauƙin ci, littafinta bai kai kauri ba, kuma da ita ma ana samun shiga karatun lauya. Yaro ɗan shekara 15 me zai zaɓa? Ajin tarihi ya fara raguwa, daga cikakken aji zuwa benci biyu. Shugaban makaranta da ke fama da ƙarancin malamai ba zai ajiye mutum guda saboda yara 'yan kaɗan ba, sai ya ce masa, "Malam, ka riƙe mana Gwamnati da Soshiyal." In wannan malami ya yi ritaya ba a neman madadinsa, domin a takarda babu giɓi. Haka darasin ya riƙa mutuwa makaranta bayan makaranta, ba tare da wata takardar umarni ba.

A daidai wannan tsakani kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Gired Tu suka fara shuɗewa, yayin da NCE ke zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A kwalejojin ilimi kuwa ɗalibi yana duba inda aiki yake, sai ya ga Soshiyal Sitadis ce ake nema a kowace firamare da ƙaramar sakandare. Ga kuma ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'a ta kashi 60 da 40 tsakanin kimiyya da sauran fannoni, kimiyya ce ke da kaso mafi girma. Kowanne daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa in an ɗauke shi shi kaɗai. Da suka haɗu, sai suka toshe wa sashen tarihi ƙofa biyu a lokaci guda, wadda ɗalibai ke shigowa da wadda suke fita zuwa aiki.

Malamin jami'a ya ga sakamakon bayan 'yan shekaru, a fuskokin 'yan aji ɗaya. Sassan tarihi da yawa suka koma karɓar Gwamnati a madadin tarihi a sakamakon WAEC, in ba haka ba ajin ba zai cika ba. Da yawan waɗanda ke zuwa ba tarihi suka nema ba, lauya ko kimiyyar siyasa suka cike, da ba a samu ba aka turo su. Malamin da ya kamata ya fara koya wa ɗalibi yadda ake auna riwayar baka da rahoton Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, sai ya koma koyar da abin da ake gamawa a aji uku na sakandare a da. Na san ɗaliban da suka tashi a Bajoga, Burmi na nan kusa da su, amma ba su san cewa a can Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun sojan Turawa a watan Yulin 1903 ba sai da suka shiga jami'a. Wannan abu yana yi mini ciwo, domin yaran ba su da laifi, ba a taɓa gaya musu ba ne.

Yankinmu yana da nasa ƙarin nauyi. Jami'ar farko da tsohuwar Jihar Bauchi ta samu a 1980 ta fasaha ce, kuma an yi murna da ita, ta kuma yi amfani. Sai dai mai son tarihi dole ya nufi Zariya ko Kano ko Jos ko Maiduguri, in ya zama malami ma can zai zauna. Sai a 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Gombe, ta tarayya da ke Kashere ta zo a 2011. Wato lokacin da masanin tarihi ya sami gurbin koyarwa a gida, ajin sakandaren da zai ciyar da sashensa ya daɗe da bushewa.

Ɓangaren bincike shi ma bai tsira ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, darajar naira ta zube daga 1986, ɗakunan karatu suka daina samun mujallu da littattafan waje, mujallun gida suka koma fitowa jefi-jefi. Binciken tarihi ba ya bukatar injina masu tsada, amma yana cin lokaci da kuɗin mota. Mai son rubuta tarihin Misau ko Jama'are sai ya yi makonni a Kaduna yana buɗe fayilolin Lardin Bauchi da rahotannin haraji na Di'o-Di'o, ya nemi takardun Larabci da ajami a gidajen malamai, ya koma wurin dattijo guda sau da yawa kafin dattijon ya saki jiki ya faɗi abin da ya ji daga kakansa. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba ba ya ɗaukar wannan. Tsanin ƙarin girma kuwa, daga mataimakin lakcara har zuwa farfesa, yawan muƙalun da aka wallafa yake ƙirgawa. Mai iyali da ke jiran ƙarin girma bayan shekara uku zai fi karkata ga gajerun muƙalu kan al'amuran yau, waɗanda za a iya rubutawa daga ofis, ya bar aikin da zai ci shekara biyar. Ban ga laifinsa ba. Amma dattawan da suka ga zamanin En'e da idonsu ba su jira shi ba.

Daga shekarun 1990 sassa da yawa suka nemi mafita ta hanyar ƙara wa sunansu wani abu: tarihi da hulɗar ƙasa da ƙasa, tarihi da diflomasiyya, tarihi da dabarun tsaro. Dabarar ta yi aiki, ɗalibai sun dawo, ta kuma ceci sassan da suka kusa rufewa. Sai dai yaron da ya shiga da burin zama jakada ba shi ne zai yarda a tura shi ƙaramar sakandare a Shongom ko Ganjuwa ba, kuma ko ya yarda, ba a koya masa dabarun koyarwa ba. Da 2009 ta zo, abin da ta tarar ke nan.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya fara darasin tarihi a aji ɗaya a 2025 sai wajen 2037 zai isa ƙofar jami'a. Wanda zai zama malamin jami'a mai cin gashin kansa yana bukatar digiri na shekara huɗu, hidimar ƙasa, digiri na biyu, sannan digirin digirgir, abin da ba ya gaza shekara goma ko komai ya tafi daidai. Kafin nan, nauyin horar da malaman da za su shiga aji yana kan malaman da ke sassan tarihi yanzu a Gombe da Kashere da kwalejojin ilimi irin ta Azare, tare da ɗimbin ɗaliban darasin al'ummu da al'adun Nijeriya da suke koyarwa kowane zango. Su ne kuma za a nema su rubuta babin tarihin gida, domin manhajar ƙasa ba za ta gaya wa yaron Gombe dalilin da hedikwatar masarauta ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan ta koma Doma, inda garin Gombe yake a yau, a 1919 ba. Da yawa daga cikin abin da ake bukata an riga an rubuta shi a kundayen ɗalibai kan Dass da Ningi da Tula da Shira, da Turanci, kwafi uku ko huɗu. Akwai bukatar a tace su, a mayar da su harshen da ɗan aji huɗu zai gane, kuma a lissafa wa malamin da ya yi wannan aiki ladansa a ranar ƙarin girma kamar yadda ake lissafa muƙala.