Waiwaye: Tashar WABC da yadda kasuwar matsakaicin zango ta watse

A gidanmu na Birni akwai wani tsohon rediyo da mahaifinmu ya bari, mai rigar fata da ta sha jiki. A gefensa akwai ɗan maɓalli mai mazauni uku: FM, MW, SW. Kwanan baya ɗan ƙanwata ya ɗauko shi, ya tura maɓallin kan MW, ya murɗa daga wannan baki zuwa wancan. Babu abin da ya fito sai shuuu, kamar an jefa ƙosai a mai.

"Kawu, nan wurin ya lalace ne?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, ɗana. Masu maganar ne suka yi ƙaura."

MW ɗin nan shi ne matsakaicin zango, wanda a Amurka ake ce wa AM. Duk wanda ya ba arba'in baya a Damagaram ya san a da nan kasuwa take ci. Da rana ba ya nisa, amma rana na faɗuwa sai tashoshi su fara kunno kai, Kano nan, Kaduna can, wasu kuma da harshen da ba ka taɓa ji ba. Dalilin shi ne can sama akwai wani rufin iska da ke shanye igiyar da rana, da dare kuma ya maido ta ƙasa, ta dira ɗaruruwan kilomita daga inda ta taso. Aibinsa ɗaya ne: walƙiyar damina ko injin da ke aiki a maƙwabta, duk sai sun tsoma baki cikin muryar. FM kuwa sautinta garau, sai dai ba ta wuce inda doguwar eriyarta ta hango. A kan waɗannan halaye biyu, nisa da dattin sauti, arzikin manyan tashoshin AM ya tashi, a kansu kuma ya zube. Tashar da ta fi nuna haka a fili ita ce WABC ta birnin New York.

A watan Oktoban 1921 ta fara magana, da sunan WJZ, daga wata ƴar rumfa a kan rufin masana'antar Westinghouse da ke garin Newark. A lokacin Damagaram ce hedikwatar Turawan mulki a Nijar, sai 1926 aka mayar da ita Yamai. Ba son labarai ne ya sa kamfanin ya kafa tashar ba. Akwatunan rediyo yake ƙerawa, kuma ba mai sayen akwatin da ba ya cewa komai. A 1923 kamfanin RCA ya karɓe ta ya kai ta cikin New York, daga 1927 kuma ta zama uwar ɗaya daga cikin sarƙoƙin tashoshi biyu na kamfanin watsa shirye-shirye NBC, wadda ake kira Shuɗiya, ɗayar kuwa Ja. Tsarin wancan zamani komai da ruwanka ne: wasan kwaikwayo, barkwanci, labarai, makaɗa kai tsaye, kowane shiri da sa'arsa, iyali su kewaye akwati bayan abincin dare.

Hukuma ta ce kamfani ɗaya ba zai riƙe sarƙa biyu ba, don haka a 1943 aka sayar da Shuɗiya ga Edward Noble, wani attajirin alewa, a kan dala miliyan 8 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba). Daga nan aka samu kamfanin ABC, kuma ranar 1 ga Maris 1953 tashar ta ɗauki sunan WABC, a kan lamba 770.

Sunan ya zo daidai da lokacin da talabijin ya fara kwashe mata kaya. Ƴan wasan kwaikwayo suka koma can, masu talla suka bi su, iyali suka juya kujerunsu. Abin da ya ceci rediyo shi ne ƙaramin akwati mai aiki da pil, wanda ya shigo kasuwa a 1954. Rediyo ya bar tsakar gida ya shiga aljihun samari da cikin mota. A watan Disambar 1960 WABC ta koma kiɗa, kuma ba kowane kiɗa ba, sai waƙoƙin da ke tashe a wannan makon. Shugaban shirye-shiryenta, Rick Sklar, ya matse jerin ya zama ɗan kaɗan, ta yadda waƙar da ke kan gaba za ta yi ta dawowa sau da yawa a yini. Masu gabatarwa irin su Dan Ingram da Bruce Morrow suna magana da sauri, suna cusa sunan tashar tsakanin kowace waƙa da ƴar'uwarta. Da ƙarfin wat 50,000, da dare ana kama ta a jihohi masu yawa na gabashin Amurka har cikin Kanada. Kusan shekara ashirin tana cin kasuwa, kuma a yawancinsu ita ce kan gaba a birnin.

Masu begen wancan zamani sukan ce gwaninta ce. Akwai gwaninta, ban musa ba. Amma ni a ganina babban sirrin shi ne akwatin da ke hannun yaro da wanda ke cikin motar babansa duk AM kaɗai suke kamawa. Wanda bai taɓa shan ruwan tulu mai sanyi ba, ai na randar da ke rana ma daɗi yake masa.

Daga 1967 hukumar sadarwar Amurka ta hana tashoshin FM na manyan birane su wuni suna maimaita abin da ƴan'uwansu na AM ke watsawa. Dole suka nemi nasu shirye-shirye, suka kuwa faɗa wa kiɗa, kowace ta zaɓi irin nata da irin mutanenta. Akwatuna masu FM suka yi arha. A 1978 wata tashar FM mai suna WKTU ta rungumi kiɗan disko, cikin ƴan watanni ta sha gaban WABC. Tsohuwar ta yi ta ƴan dabaru, a rage wannan a ƙara wancan, amma kunnen da ya ji ganga garau ba ya komawa ga mai shashshaka. Ranar 10 ga Mayu 1982, da tsakar rana, aka sa waƙar ƙarshe, tashar ta koma magana zalla.

Magana kuwa ba ta damu da dattin sauti ba, in dai ana gane abin da ake faɗa. A 1987 aka soke ƙa'idar da ke tilasta wa tasha ta ba kowane ɓangare dama a kan batun da ake jayayya, shekara ɗaya bayan haka Rush Limbaugh ya zauna a WABC, inda shirinsa na siyasar masu ra'ayin riƙau ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Tun daga nan sana'ar tashar ke nan: mutum ɗaya da makirfo, ra'ayi mai zafi, masu bugo waya. Ta yi ta sauya iyayen gida, Disney, Citadel, Cumulus, har ta faɗa hannun John Catsimatidis, mai manyan kantuna a New York, a kan dala miliyan 12.5, cinikin da aka kammala a 2020. A shekarar ce Bruce Morrow ya dawo da tsofaffin waƙoƙi a daren Asabar, don yaran 1960 da yanzu suka yi furfura.

To a nan ne nake ganin labarinsu da namu suka raba hanya. A New York FM ta ɗauke kiɗa ta bar wa AM magana. Mu a nan, maganar ce FM ta kawo.

An kafa gidan rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, kuma shekaru da yawa murya ɗaya ce, ta gwamnati. Mai son jin wani bakin sai ya laluba waje: Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, ko sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, da na Jamus da na Amurka a gajeren zango, wato SW. Ina tuna mahaifinmu bayan sallar isha'i, kan tabarma, yana juya akwatin nan a hankali kamar mai auna alƙibla, har muryar ta daidaita. Ina tuna ƴan zaɓi sonka, waɗanda ke aika wasiƙa su jira makonni don a ambaci sunansu da na abokansu sau ɗaya, gari ya kwana da zancen.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa, tashoshi masu zaman kansu suka fara fitowa a tsakiyar shekarun 1990, irin su Anfani, duk a kan FM. Kiɗa bai zama abin mamaki ba, don kaset ya riga ya cika kasuwa. Abin da ya kama mutane shi ne jin unguwarsu a rediyo: sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, cigiyar yaro ko akuya, tafsirin malamin da ka sani, mai maganin gargajiya da ya sayi rabin sa'a, da kukan ƙarancin ruwa wanda Damagaram ba ta rabuwa da shi. Da salula ta shigo, ɗan kabu-kabu da mai shayi a fada suka zama masu sharhi. Tashoshin waje ma suka koma bi ta FM ɗin gari. Matsakaicin zango ya tashi ba kiɗa ba magana.

An samu sauƙi, amma an bar wani abu a baya. Muryar da ke zuwa ta eriyar cikin gari, takarda ɗaya ta isa ta rufe ta, kamar yadda aka dakatar da RFI a watan Agustan 2023 da BBC a Disambar 2024. Igiyar da ke dirowa daga sama ba ta tsayawa a kan iyaka. Haka kuma makiyayin da ke can bayan Tanut ko wajen Tasker, inda FM ke ƙarewa, har gobe gajeren zango ne abokin hirarsa. Hujjar nisa ce ma Amurkawa suka kafa a 2023, sa'ad da kamfanonin mota suka yi ta cire AM daga motoci masu aiki da lantarki saboda injinsu na dagula sautin. Aka yi ca a kan cewa ranar bala'i AM ce ke kaiwa nesa, har kamfanin Ford ya fasa cire ta. Gidan rediyon gwamnatin Faransa kuwa tun ƙarshen 2015 ya kashe nasa matsakaicin zangon.

Makon jiya na kai tsohon akwatin wurin wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole, don eriyarsa ta karye. Teburinsa cike yake da sababbin rediyo ƴan Sin, masu tocila da faifan hasken rana da ramin katin waƙoƙi. Na tambaye shi ko har yanzu suna zuwa da MW. Ya ɗauki ɗaya ya duba gefensa.

"Wasu na da shi, Malam. Amma kullum ramin kati ake kawo mini, ko tocila. Na manta rabon da wani ya zo ya ce MW ɗinsa ba ya yi."