Waiwaye: Fim ɗin "Elle" da tsohuwar rigimar Faransa kan fyaɗe

A watan Mayun 2016 aka fara nuna fim ɗin "Elle" a bikin baje kolin fina-finai na Cannes, a kudancin Faransa. Da baƙin allo yake buɗewa, ba a ganin komai sai jin ihun mace da ƙarar fashewar tangaran. Abu na farko da ido ke cin karo da shi kyanwa ce zaune tana kallo. Sannan a ga wani ƙato ya rufe fuska da baƙar hula, ya tashi daga kan matar gidan, ya gyara kayansa ya fice. Matar, Michèle Leblanc, shugabar wani kamfanin wasannin kwamfuta, ta miƙe ta share fasassun kwanuka, ta jefa rigarta a kwandon shara, ta yi wanka, ta buga waya a kawo abinci domin ɗanta na tafe. Ba ta kira 'yan sanda ba. Bayan 'yan kwanaki, ana zaune a gidan cin abinci, sai ta faɗa wa tsohon mijinta da ƙawarta da mijin ƙawar cewa an yi mata fyaɗe, da muryar da ake ba da labarin lalacewar mota. Nan wurin 'yan kallo da yawa suka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta zama abin faɗa.

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin Paul Verhoeven ne, ɗan ƙasar Holan, yana da shekara 77 a lokacin. Ba baƙo ba ne a wurin tayar da ƙura: tun ana ɗaukar "Basic Instinct" da ya fito a 1992 masu zanga-zanga ke bin sa a titunan San Francisco. Labarin ya samo shi daga wani littafin Philippe Djian na 2012. Da farko a Amurka ya so ya yi fim ɗin, da Turanci, amma shi da bakinsa ya ce babu wata jarumar Amurka da za ta karɓi wannan matsayi. Sai aikin ya koma Faransa, Isabelle Huppert ta hau, tana da shekara 60 da 'yan kai.

Masu sharhin fina-finai a Cannes galibi sun yaba. Fim ɗin bai samu kyauta a can ba, amma a Janairun 2017 ya lashe Golden Globe biyu a Amurka, ɗaya na fim ɗin harshen waje, ɗaya na jaruma. Huppert ta shiga jerin masu neman Oscar, Emma Stone ta kayar da ita. A gida kuwa ya ɗauki César, babbar kyautar fina-finan Faransa, na fim mafi kyau da na jaruma. Masu kallo dai sun rabu. Wasu, har da matan da abin ya taɓa faruwa da su, sun ce sun gane kansu a cikin matar da ta ɗauki tsintsiya maimakon waya, domin ba kowa ke ihu ba, akwai wadda jikinta ke ci gaba da hidimar gida yayin da zuciya ta daskare. Wasu suka ce fim ɗin ya raya tsohuwar ƙaryar nan da maza ke yi wa kansu, wai mace a can cikin ranta tana so. Richard Brody na mujallar New Yorker yana cikin waɗanda suka soke shi sosai. Masu fafutukar kare haƙƙin mata a Faransa suka yi ta rubutu cewa tafin da masu sharhi ke yi shi kansa alamar cutar ce. An laƙaba masa sunan fim ɗin barkwanci a kan fyaɗe, Verhoeven ya ƙi sunan. Huppert kuma ta riƙa cewa Michèle ta ƙi zama abar tausayi, ta kuma ƙi zama irin mai ɗaukar fansar da aka saba gani da bindiga a hannu.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa a cikin fim ɗin, domin rabinsa na farko da na biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. A rabin farko an ba Michèle dalili mai ƙarfi na gudun hukuma: mahaifinta ya yi wa maƙwabtansa kisan gilla tana 'yar shekara 10, 'yan jarida suka ɗauki hotonta, ƙasa duka ta san fuskarta. Wadda ta sha wannan ba za ta sake kai kanta gaban 'yan sanda da kyamara ba. Sai ta canza makullai, ta sayi gatari da barkonon tsohuwa, ta shiga zargin mazan da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya. Har nan labarin bai kauce wa abin da aka sani ba. Binciken da hukumomin Faransa suka riƙa yi a shekarun 2010 ya nuna mata wajen 94,000 ne ake yi wa fyaɗe ko yunƙurinsa duk shekara, kusan 9 cikin 10 sun san wanda ya yi, kuma wajen 1 cikin 10 ce kawai ke kai ƙara. Da Michèle ta fizge hular ta ga Patrick ne, maƙwabcinta ma'aikacin banki, mai fara'a, mijin wata mai yawan zuwa coci, babu abin mamaki ga wanda ya san waɗannan alkaluma.

Rabi na biyu ne ya fi wuyar karewa. Bayan ta gane shi, ta ci gaba da hulɗa da shi, har ta bi shi ɗakin ƙasa na gidansa tana sane da abin da zai biyo baya. Masu kare fim ɗin suna cewa dabara ce ta ƙwace iko daga hannunsa, tun da shi ba ya iyawa sai an ƙi. A ganina Verhoeven ya yi wayo a nan fiye da yadda ya yi gaskiya: ya bar ƙofa a buɗe yadda kowane mai kallo zai shiga da abin da ya zo da shi, kuma cikin masu kallon akwai wanda abin da ya zo da shi ba alheri ba ne. Gwanintar Huppert ce ta rufa wa wannan ɓangare asiri. Daga baya Michèle ta ce wa Patrick abin da ke tsakaninsu cuta ce, za ta je wurin 'yan sanda, ɗanta kuma ya fasa masa kai da itace a daren. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne sallamar matar Patrick ranar da take kwashe kaya, inda ta gode wa Michèle don ta ba mijinta abin da yake bukata, ko da na ɗan lokaci ne. Ashe ta sani tun tuni, ta yi shiru.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin 1980 dokar Faransa ba ta ma fayyace mene ne fyaɗe ba, kuma kotuna sun saba mayar da ƙarar ta koma ta duka da jin rauni, a yanke ɗan ƙaramin hukunci. A 1974 wasu maza uku suka auka wa wasu mata biyu 'yan Beljiyam da suka kafa tanti a gaɓar teku kusa da Marseille. Haka aka so a yi wa tasu ƙarar. Matan suka ƙi, lauya Gisèle Halimi ta tsaya musu, aka kai maganar babbar kotun laifuka ta Aix-en-Provence a Mayun 1978, ta kuma dage a yi shari'ar a bainar jama'a. A ƙofar kotu an zage su, an tofa musu yawu. Hujjar mazan ita ce matan sun daina kokawa, don haka sun yarda. An ɗaure ɗaya shekara 6, biyu shekara 4. Wannan shari'a ce ta haifi dokar 23 ga Disamba 1980, wadda ta ce fyaɗe shi ne saduwar da aka yi da ƙarfi, ko tilas, ko shammata, daga baya aka ƙara barazana. A lura, dokar abin da namiji ya yi take dubawa. Maganar ko macen ta yarda ba ta cikin rubutunta, kuma haka ta zauna har lokacin da aka yi "Elle".

Sinimar Faransa ma ta daɗe tana taɓa wannan wuri. A 2000 Virginie Despentes da Coralie Trinh Thi suka fitar da "Baise-moi", labarin mata biyu da suka shiga kisa bayan an yi wa ɗayarsu fyaɗe. Despentes ita kanta an yi mata tana 'yar shekara 17. Wata ƙungiya mai ra'ayin riƙau, Promouvoir, ta kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta soke lasisin nuna fim ɗin kwanaki kaɗan bayan fitowarsa, abin da ya sa gwamnati ta dawo da matakin hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallo a 2001. A 2002 sai "Irréversible" na Gaspar Noé, mai ɗauke da fyaɗe na kusan minti 9 a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, kyamara ba ta gusa ba. Rahotanni sun ce mutum fiye da 200 suka fice daga zauren Cannes. Waɗannan biyu ido suka dama, tambayar ita ce nawa ya kamata a nuna. "Elle" bai nuna ko kusa da haka ba, kuma ba a ji ana rububin ficewa ba. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne halin matar bayan abin ya faru, wato dai tambayar da lauyoyin maza ukun nan suka yi a Aix: in da gaske ne, me ya sa ta yi kaza, me ya sa ba ta yi kaza ba.

Sai kuma lokaci ya yi wa fim ɗin wani irin zuwa. Bikin César na Fabrairun 2017 da ya ba shi kyauta, darakta Roman Polanski aka fara naɗawa ya shugabance shi, mutumin da ya gudu daga Amurka a 1978 bayan ya amsa laifin saduwa da yarinya 'yar shekara 13. Ƙorafi ya yi yawa, ya janye. A Oktoban 2017 asirin Harvey Weinstein, babban furodusan Amurka da aka zarga da cin zarafin mata, ya tonu, 'yar jarida Sandra Muller ta ƙirƙiro #BalanceTonPorc, Faransawa mata suka shiga ambaton waɗanda suka ci zarafinsu. Ba kowa ya bi ba: a Janairun 2018 mata 100, ciki har da jaruma Catherine Deneuve, suka sa hannu a wata wasiƙa a jaridar Le Monde suna kare 'yancin namiji ya nemi mace ko da ya dame ta. Da "Elle" ya yi jinkirin shekara biyu, da wuya ya samu irin tarbar da ya samu.

Daga nan hankalin jama'a ya bar allo ya koma bayan kyamara. A Nuwamban 2019 jaruma Adèle Haenel ta zargi darakta Christophe Ruggia da taɓa ta tun tana 'yar shekara 12, a Fabrairun 2020 kuma ta tashi ta fice daga zauren César tana cewa abin kunya, lokacin da aka ba Polanski kyautar darakta. Kotu ta samu Ruggia da laifi a Fabrairun 2025. A Mayun 2025 aka yanke wa jarumi Gérard Depardieu ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka kan cin zarafin mata biyu a wurin ɗaukar fim. Amma shari'ar da ta girgiza ƙasar ba ta 'yan fim ba ce. A Avignon, daga Satumba zuwa Disamban 2024, aka gurfanar da maza 51 kan abin da aka yi wa Gisèle Pelicot, wadda mijinta ya shafe kusan shekara 10 yana zuba mata maganin barci yana gayyato baƙi. Ta ƙi a rufe ƙofar kotu, ta nemi a nuna bidiyon da mijin ya ɗauka a gaban jama'a, ta ce kunya ta koma kan masu laifi. Da yawa cikin mazan sun ce ba su yi niyyar fyaɗe ba, wai mijin ya yarda. Duka aka same su da laifi, mijin ya samu shekara 20. A ƙarshen Oktoban 2025 majalisar dokoki ta shigar da yarda cikin ma'anar fyaɗe, ta kuma rubuta cewa shiru ko rashin motsi kaɗai ba ya zama yarda.

Canjin da ya samu 'yan kallo an fi ganinsa a wani tsohon fim, "Last Tango in Paris" na 1972. A Disamban 2016, "Elle" na cikin gidajen sinimar Amurka, wata hira da darakta Bernardo Bertolucci ya yi a 2013 ta sake yawo a intanet. A ciki ya amsa cewa shi da jarumin fim ɗin, Marlon Brando, sun shirya wani ɓangare na wata fitowar fyaɗe ba tare da sun faɗa wa jarumar, Maria Schneider, ba, don yana son ya ɗauki wulaƙancin a fuskarta na gaske. Tana da shekara 19 a lokacin. Ta faɗi hakan tun 2007 ba wanda ya kula, ta rasu a 2011. A Disamban 2024 Cinémathèque française, babbar ma'ajiyar fina-finai da ke Paris, ta sa fim ɗin cikin jerin na Brando da za ta nuna. Masu ƙorafi da dama ba hanawa suka nema ba, sun ce a yi wa masu kallo bayanin abin da ya samu Schneider kafin a kashe fitila. Shugabannin wurin suka soke nunin gaba ɗaya, suka ce don tsaro ne, a Janairun 2025 kuma kwamitin majalisa mai binciken cin zarafi a masana'antar fim, ƙarƙashin Sandrine Rousseau, ya kira su suka yi bayani.