Waiwaye: Wa ya kamata ya biya la'adar dillalin bashin gida a Ostireliya?

A Ostireliya, mai neman bashin sayen gida yakan je wurin dillali ya zaɓo masa banki, kuma galibi ba ya biyansa ko sisi. Banki ne ke biya. Ranar da aka ba da bashin, dillali zai karɓi kusan kashi 0.65 cikin ɗari, sannan a riƙa ba shi kusan kashi 0.15 na abin da ya rage duk shekara har a gama biya. A bashin dala 500,000, ya tashi da wajen dala 3,250 nan take, ga kuma kusan 750 a shekarar farko ko bai sake ɗaga waya ba.

Sana'ar ta bunƙasa ne daga shekarun 1990, lokacin da irin su Aussie Home Loans suka fara ƙwace wa manyan bankuna huɗu kasuwa. Ƙorafi ya taso daga baya. A 2017 ASIC, hukumar da ke sa ido kan kamfanoni da harkokin kuɗi a ƙasar, ta gano cewa bashin da ya bi ta hannun dillali ya fi girma, kuma an fi samun wanda ake biyan kuɗin ruwa kawai. Ba abin mamaki ba ne, tunda la'ada tana ƙaruwa ne da girman bashin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A Fabrairun 2019 kwamitin bincike na tsohon alƙali Kenneth Hayne ya ba da shawarar mai cin bashi ya riƙa biyan dillalinsa da kansa, a fara da soke la'adar shekara-shekara, wadda ya ce kuɗi ne da ba a yi aikinsu ba. Holan ta riga ta hana bankuna biyan irin wannan la'ada tun 2013, kuma shugaban bankin Commonwealth, Matt Comyn, ya yaba wa tsarinta a gaban kwamitin.

Wannan yabon ne ya zama makamin dillalai. Suka ce idan ƙaton banki irin Commonwealth na murna, to a duba da kyau: mutane za su guji biyan dillali su nufi reshen banki kai tsaye, ƙananan bankunan da ba su da rassa su rasa masu zuwa. A ganina hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta wanke la'adar shekara-shekara ba, domin a ƙarshe daga kuɗin ruwan mai gida take fita, bai ma sani ba.

Ministan kuɗi na lokacin, Josh Frydenberg, ya fara amincewa a soke ta daga Yulin 2020. A Maris 2019, ana saura wata biyu zaɓe, ya janye. Abin da ya tsira shi ne dokar da ta fara aiki a Janairun 2021, wadda ta wajabta wa dillali fifita maslahar mai cin bashi. Bitar la'adar da aka yi alkawari a 2022 ma an fasa ta, kuma yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na sabbin basussukan gida ta hannun dillalai suke bi.